Yadda nake ratsa hunturu da na'urar CPAP da toshewar hanci

Na'urar CPAP aikinta ɗaya ne, tura iska. Tana zuƙo ta daga ɗakin da mutum yake kwance, ta tace ta, ta turo ta cikin mesa zuwa takunkumin da ke fuska, ƙarfin iskar ya riƙe maƙogwaro a buɗe don kada ya rufe idan barci ya yi nauyi. Amma iskar nan ta hanci za ta bi. Ranar da hanci ya kumbura ya toshe, na'urar tana nan tana aikinta, sai dai aikin ba ya isa inda ake so. Mu kuwa da muke zaune a Kano muna da watanni kusan huɗu a kowace shekara da hancin mai lafiya ma yake jin jiki, balle na mai alaji, wato wanda jikinsa ba ya jituwa da abubuwa irin su garin fure ko ƙurar ɗaki.

Uwargida ce ta fara lura da cewa minsharina ba irin na kowa ba ne. Takan ce ina cikin ja sai na yi ɗif, har ta kai hannu ta taɓa ni, sannan na farga da wani irin shaƙewa. Ga hawan jini da ya ƙi sauka duk da magani, ga gyangyaɗi da yake kama ni a kan sitiyari. Da aka yi mini gwajin barci, aka ce numfashina yana yankewa ko ya ragu fiye da sau 30 a cikin awa guda. A ma'aunin likitoci daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 kuma mai tsanani. Na fara amfani da na'urar a tsakiyar damina, da ɗan takunkumin da ke rufe hanci kaɗai, kuma na ji daɗinta ƙwarai. Ciwon kan safe ya tafi, tashin fitsarin dare ya ragu, na koma ina iya zama in yi karatu bayan Azahar ba tare da littafi ya faɗi daga hannuna ba.

Tun ina saurayi ina da atishawar kaka. Da zarar ciyayi sun fara bushewa, an fara sussuka, ƙaiƙayi ya tashi a iska, sai hancina ya kama ruwa, ganda da idanu su yi ta ƙaiƙayi. Na ɗauke ta abin da ake haƙuri da shi. Da na'urar ta shigo rayuwata sai na ga ashe ba ƙaramin abu ba ne. A watan Oktoba abin ya fara, zuwa Disamba da hazo ya sauka sosai sai dare ya zame mini wahala. Ina kwanciya hanci ya cushe. Barci na ɗaukata, baki ya buɗe da kansa don neman iska, iskar na'urar ta shiga ta hanci ta fice ta baki. In farka harshe a bushe ƙamas, maƙogwaro yana zafi. Tawa irin mai daidaita ƙarfin iska da kanta ce, tana wasa tsakanin 4 da 20 a ma'auninsu, to da ta ji hanya ta matse sai ta ƙara ƙarfi, ni kuma in yi ta haɗiyar iska, in tashi ciki a kumbure. Wasu dararen sai da asuba zan ga takunkumin a gefen matashi, na cire shi cikin barci ban sani ba. Allon na'urar yana nuna awoyin da aka yi amfani da ita, kuma na ga sun faɗo ƙasa da awa 4, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ake nema a dare. Ciwon kai ya dawo, gyangyaɗi ya dawo.

A nan ne mutane da yawa suke naɗe mesa su sa na'urar a kabad, su ce sai bazara. Na san abin da ke sa su yin haka, don ni ma zuciyata ta raya mini. Amma wannan na'ura ba ta warkar da cutar, tana tare ta ne dare bayan dare. Daren da aka ajiye ta, yankewar numfashi tana dawowa, kuma toshewar hanci ƙara mata tsanani take yi. Mai hawan jini da ke tuƙi a hanyar Zariya cikin hazo bai kamata ya yi wannan cacar ba.

Na je wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Ya haska cikin hancin, ya tambaye ni watannin da abin yake tashi, ko akwai mai asma a danginmu, ko ina jin sauƙi idan na yi tafiya kudu. Ya ce mini: "Alhaji, abu biyu ne suka haɗu maka. Akwai alaji, akwai kuma ƙura da bushewar iska. Idan ka magance ɗaya ka bar ɗaya, ba za ka ga amfani ba." Alajin, in ji shi, jiki ne yake ɗaukar garin furen ciyawa ko ƙwayoyin da ke cikin ƙurar ɗaki a matsayin abokan gaba, ya saki sinadarin histamin, fatar cikin hanci ta kumbura. Ƙurar hunturu kuwa ba ta buƙatar mutum ya kasance mai alaji, gogar fatar take yi kai tsaye. Wani kaso mai yawa na wannan ƙura daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, tsohon gindin babban tafkin da ya ƙafe, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwaso farin gari mai laushi ta nufo mu da shi. Shi ne yake hana jirage sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, shi ne kuma na'urata take zuƙa duk dare. Danshin iska a wannan lokaci yakan faɗi ƙasa da kashi 15 cikin ɗari. Wani likitan Ostareliya, Colin Sullivan, shi ya ƙirƙiro hanyar magani da CPAP a birnin Sidni, ya wallafa sakamakonsa a 1981, kuma har yau littattafan bayanin da ke zuwa cikin kwalin na'urar ba da irin yanayinmu aka rubuta su ba. Dole mutum ya ƙara da nasa lura.

Abu na farko da likita ya ja mini kunne a kai shi ne ɗan maganin ɗigawa ko fesawa da ake samu a kowane kemis, mai buɗe hanci cikin mintuna, irin su xylometazoline da oxymetazoline. Yaron kemis ɗin unguwarmu ya riga ya nuna mini shi, kuma ga mai na'ura abin sha'awa ne: ka fesa, hanci ya buɗe wayam, ka sa takunkumi ka yi barci. Likita ya ce kada ya wuce kwana uku a jere. Idan aka zarce, hanci yakan saba, da ƙarfin maganin ya sake shi sai ya kumbura fiye da da, mutum ya koma ba ya iya numfashi sai da kwalbar a aljihu. Ya kuma hana ni magungunan murar da ke ɗauke da pseudoephedrine saboda suna ɗaga jini. Tsohon maganin atishawa mai sa barci, chlorpheniramine, wanda kowa ya sani da Piriton, shi ma ya ce in bar shi, domin mai fama da gyangyaɗi ba ya buƙatar ƙari. Ya rubuta mini loratadine na ranakun da atishawa ta yi yawa, da maganin fesawa mai steroid, mometasone, na kullum.

Wannan na fesawar shi ne ginshiƙi, kuma yana buƙatar haƙuri. Ba ya buɗe hanci nan take. Kumburin yake saukarwa a hankali, yakan ɗauki kwanaki, cikakken amfaninsa ma sai an kai mako biyu. Shi ya sa wasu suke gwadawa dare biyu su ce ba ya aiki. Akwai kuma yadda ake fesa shi. A sunkuyar da kai kaɗan, a riƙe kwalbar da hannun dama a fesa ƙofar hagu, da hannun hagu a fesa ta dama, a karkata bakin kwalbar zuwa wajen kunne don kada maganin ya riƙa dukan guringuntsin tsakiya, wanda a nan haɓo yake fitowa. Ba a zuƙa da ƙarfi. Idan aka ji ɗacinsa a maƙogwaro, to ya wuce inda ake so.

Kafin fesawa akwai wankin hanci, kuma a cikin duk abin da na koya wannan ne ya fi canza mini dare. Mu da muke shaƙa ruwa mu face a kowace alwala ba baƙon abu ba ne gare mu, bambancin kawai a nan ruwan gishiri ne, kuma yana shiga ta ƙofa ɗaya ya fita ta ɗayar. Gishirin da ya yi daidai da na jiki giram 9 ne a lita guda. Akwai ƙunshin da ake sayarwa an riga an auna, wanda ya fi sauƙi. Ruwan dole a tafasa shi na minti 3 zuwa 5 a bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Ba a ɗebo na famfo ko na rijiya ko na 'yan garuwa a zuba kai tsaye, saboda ciki yana iya kashe ƙwayoyin da hanci ba zai iya ba. Ina tsayawa a bakin wurin wanka, in sunkuya, in buɗe baki ina numfashi ta nan, in matsa robar a hankali. A kwanakin hazo ruwan da ke fitowa da farko launin ƙasa ne. Ina yin wannan bayan sallar Isha'i, da tazarar kamar awa guda kafin kwanciya, saboda ragowar ruwa yakan maƙale a lungunan hanci ya riƙa saukowa daga baya, kuma ba daɗi ya sauko a cikin takunkumi. Idan hanci ya tsane sai in fesa maganin. Wanda ya fesa sannan ya wanke ya zubar da kuɗinsa ne. Yin komai da daddare ya kuma hutar da ni tunanin azumi a shekarun da Ramadan ya faɗo cikin rani.

Sai na koma kan na'urar kanta. A bayanta ko a gefenta akwai 'yar ƙofa da matata a ciki. Wasu na'urorin farar matata guda ce da su mai kama da auduga, wasu kuma suna da ta soso da ake wankewa da farar da ake jefarwa. Masu ƙera su sukan ce a duba a canza farar kamar duk wata, wasu ma fiye da haka. A Kano cikin Janairu wata guda ya yi nisa. Nakan buɗe duk ranar Juma'a, kuma sau da yawa nakan tarar ta koma ruwan toka, idan na ɗaga ta a haske ba a ganin komai ta cikinta. Farar ba a wanke ta, ruwa yana lalata saƙarta. Ta soso ana wankewa da ruwa a bari ta bushe sarai kafin a mayar. Wahalar ita ce samun su. Ba kowane shagon kayan asibiti ke da irin ta na'urarka ba, sai an yi oda daga Legas ko a roƙi ɗan'uwa mai dawowa daga waje. Don haka tun watan Satumba nake tanadar na hunturu duka. Na ga wanda ya yanka soson katifa ya cusa a wurin. Wannan yana iya marmashewa ya bi iska zuwa huhu, ko ya matse hanyar ya wahalar da injin.

Wurin ajiye ta ma na canza. Na ɗauke ta daga kusa da taga, na ɗora a kan ɗan teburi da ya ɗaga daga ƙasa amma bai kai tsayin kaina ba idan na kwanta. Da safe in lulluɓe ta da mayafi mai tsabta, mesar in rataye ta a cikin ɗaki, ba a tsakar gida ba, inda ƙura za ta cika ta kafin azahar.

Ɓangaren da ya fi ba ni wahala shi ne tukunyar ruwan da ke jiƙa iskar. A damina ban damu da ita ba. A hunturu ita ce bambanci tsakanin farkawa lafiya da farkawa da ɓawon jini a hanci. Na ƙara mata lamba a hankali, mataki ɗaya duk bayan 'yan kwanaki, har na samu inda hanci ya daina zafi. Amma matsala biyu suka biyo baya. Ta farko, sanyin asuba. Iska mai ɗumi da danshi tana bi ta mesa mai sanyi, sai tururin ya koma ruwa, a ji yana ƙara a ciki, wani lokaci ya fantsamo fuska. Uwargida ta ɗinka wa mesar riga da tsohon bargon yara, nake kuma shigar da ita ƙarƙashin mayafina, abin ya tsaya. Akwai mesa mai ɗumama kanta ga wanda ya samu hali. Ta biyu ita ce wuta. Injin tura iskar ba ya cin lantarki sosai, farantin ɗumama ruwan ne mai ci, yakan ninka abin da injin yake ja. A daren da aka ɗauke wuta muka koma kan batirin sola, idan na bar ɗumamawar a kunne ga fanka ko firji, sai inbata ta yi kuka kafin asuba. A hunturu kuma hazo yana rage abin da farantan sola suke tarawa, ƙura tana kwanciya a kansu. Sai na sa yara suna goge farantan a kai a kai, na ware wa na'urar layinta, a daren da batir bai cika ba kuma nakan kashe ɗumamawar amma in bar ruwa a tukunyar. Iskar da ta ratsa saman ruwa ko ba zafi tana ɗaukar ɗan danshi. Da babu gara ba daɗi.

Ruwan da ake so a zuba shi ne tataccen ruwa na tururi, wanda ake samu a manyan kantunan magani. Ban yarda da wanda ake sayarwa a bakin titi da sunan ruwan batir ba, don ban san jarkar da aka zubo shi daga ciki ba, kuma abin da zai shiga huhuna ne. Idan tataccen ya ƙare ina amfani da dafaffen ruwan roba, sai dai tafasawa ba ta cire gishirin ƙasa da ke cikinsa, shi ya sa fari yake kamawa a gindin tukunyar. Jiƙa ta da binega da ruwa yana narkar da shi. Kowace safiya nakan zubar da ragowar in kife ta ta bushe. Ba a sa turare ko man zafi ko wani mai a cikin ruwan nan, komai toshewar hanci.

Ɗakin kwana sai da muka zauna da uwargida muka yi magana ta fahimta, domin turaren wuta ba ƙaramin abu ba ne wurin mace a gidanta, kuma ban so ta ji kamar na raina ƙoƙarinta. Ita da kanta ta ce: "Maigida, ai lafiyarka ce gaba. Sai in riƙa sawa a falo da rana." Hayaƙin maganin sauro na kunnawa ma muka daina, muka koma gidan sauro, mesar tana shigowa ta ƙarƙashinsa. Muka naɗe kafet, aka daina shara da tsintsiya a ɗakin aka koma goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, aka toshe ƙasan ƙofa da kafofin taga. Nakan yi wanka da ruwan ɗumi kafin kwanciya in wanke gemu sosai, domin duk ƙurar kasuwa da ta hanya a nan take maƙalewa, takunkumi kuma a kansa yake zama. Da rana idan hazo ya yi kauri ina sa takunkumin fita. Man shafawa shi ma abin lura ne. Hunturu yana sa kowa ya nemi basilin, amma mai irin wannan yana sa robar takunkumi ta yi santsi ta riƙa yoyo, yana kuma cinye ta da wuri, sannan ba a son a cusa shi cikin hanci a kwana ana turo iska a kai. Fuskata nakan shafa tun da yamma, wurin da takunkumi zai zauna in bar shi a wanke.

Duk da wannan, akwai dararen da hanci yake ƙin buɗewa, musamman idan mura ta gaske ta hau kan alajin. Domin su na sayi takunkumi na biyu, babba mai rufe hanci da baki. Ba na son sa kamar ƙaramin. Ya fi nauyi, kuma ga mai gemu yoyon iska ta gefen haɓa ba ya ƙarewa gaba ɗaya. Aske gemu ba ya cikin lissafina, don haka na koyi daidaita igiyoyin ina kwance na'urar tana aiki, ba a zaune ba, kuma na gane cewa ɗaurewa tamau ƙara yoyon take yi, saboda robar tana buƙatar sarari ta kumbura ta kama fata. A saitin na'urar akwai wurin zaɓar irin takunkumin da aka sa, shi ma sai an canza. Ƙarfin iskar kuwa ban taɓa shi da kaina, na likita ne. A irin waɗannan darare ina ƙara matashi, in kwanta ta gefe, in yi iya awoyin da zan iya da na'urar. Idan daren ya lalace sam, washegari ba na doguwar tafiya da mota.

Likita ya faɗa mini alamomin da ba a zama da su a gida: majina mai kauri da ciwon fuska da suka wuce kwana goma, haɓon da yake maimaituwa, ƙirji mai fito ko matsewa da daddare, wanda yakan nuna asma. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da ƙagewar wuya kuwa asibiti ake nufa a take, don wannan lokaci na ƙura da bushewa shi ne na sanƙarau a ƙasarmu.

Yanzu ba na jiran atishawar farko. Da ruwan sama ya fara ja da baya a ƙarshen Satumba nake komawa kan fesawa da wankin hanci, in sake robar takunkumi idan ta saki, in duba matatun da na tanada da lafiyar batir. Ina ci gaba har bayan hazo ya ɗauke, saboda furen mangwaro da na darbejiya suna nasu aikin a kaina kafin bazara ta kama sosai. Sai damina ta zauna nake rage maganin da shawarar likita, in sauke lambar danshi, in mayar da hankali kan shanya mesa da tukunyar ruwa da kyau, don a watan Agusta abin tsoron ya koma funfuna.